Zaɓin Masoyi da Launin Fata

Ba a tilasta wa zuciya son wanda ba ta kwanta da shi ba, wannan na yarda da shi. Amma abin yana sosa mini rai idan na ga namiji ya rubuta a manhajar neman masoyi cewa kada wata baƙar fata ta ma yi masa sallama, domin ya yanke wa miliyoyin mata hukunci tun kafin ya ji muryar ko guda daga cikinsu.

A shekarar 2014 shafin neman masoyi na OkCupid ya fitar da bayanan masu amfani da shi, inda aka ga cewa mata baƙaƙen fata da maza 'yan asalin Asiya ne aka fi ba ƙaramin maki. Irin wannan zaɓi yana da tushe a tarihi. A Amurka sai a 1967 Kotun Ƙoli ta rushe dokokin da suka haramta aure tsakanin farare da baƙaƙe, a Afirka ta Kudu kuwa dokar 1949 da ta haramta irin wannan aure ta ci gaba da aiki har 1985. An soke dokokin, amma tallace-tallacen man bilicin har gobe suna nuna wa 'yan mata cewa sai fata ta yi haske za a so su.