Abin da gonakin da ba a huɗa suka koya mini

Na ajiye aikina na malamin gona a shirin nan na noma ba huɗa bayan kakar da ta wuce, kuma tunda abokan aiki sun dame ni da tambayar dalili, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba ni da rigima da noma ba huɗa. Na ga yadda yake riƙe danshi, ya hana ruwa kwashe ƙasa, ya rage wa manomi kuɗin shanun huɗa. Rigimata da oganmu ce, wanda ya ɗauka cewa barin huɗa hanyar tsimin taki ce.

Ƙa'idar takin masara a yankinmu sananniya ce: kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfat, 60 na fotash a hekta guda, wato buhu 8 na kamfa 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya. Ogan kuwa ya zo da takardar da aka rubuta don wata ƙasar, ya ce a rage yuriya, a watsa ta bisa kara ba sai an binne ba, a bar kamfa a sayi sufa (takin fosfat) kawai, wai karan da aka bari a gona zai mayar da fotash.

A taron tsara damina na tashi na ce, "Yallaɓai, karan nan kafin ya ruɓe sai ƙwayoyin halittar da ke cinsa sun ja naitirojin daga ƙasa, shuka ta rasa. A shekarun farko ƙari ake yi, ba ragi ba. Yuriya kuma in ta zauna bisa kara da zafin nan, ruwa bai sauko ya shigar da ita ba, tashi take yi ta bi iska." Ya dube ni ya ce, "Malam, kai aikinka kai saƙo ƙauye, ba bincike ba." Ba wanda ya ce uffan a ɗakin, alhali da yawansu sun san gaskiyar.

A gonar gwaji, inda muka killace karan, masara ba ta kai gwiwa ba ganyen ƙasa ya fara rawaya daga tsini, yana bin jijiyar tsakiya. Yunwar naitirojin ke nan. A gonakin manoma kuwa wata cutar ce daban, domin can babu karan ma. Wa zai bar kara a gona a ƙasar nan? Na danga ne, na girki ne, na dabbobi ne, abin da ya rage shanun makiyaya da gara su ƙarasa. Mafi yawan fotash ɗin da masara ke sha a kara da ganye yake zama, ba a ƙwaya ba, to duk amalanken da ya fita da kara da fotash ɗin ya fita. Ƙasarmu ba ta cika rasa fotash kamar naitirojin ba, amma jigawar da aka daɗe ana nomawa ta nuna: gefen ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, kara ya yi laushi, iskar Agusta ta kwantar da masarar tana goyo.

Wani dattijo ya ƙi bin takardar. Ya haƙa rami da tsinke, tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka, ya zuba taki cikin murfin kwalba guda, ya rufe, yadda 'yan Sasakawa, wata ƙungiyar bunƙasa noma, suka koya wa manoma tun shekarun 1990. Gonarsa ba a huɗa ta ba, kuma ita aka kai baƙi suka ɗauki hoto.

Da rahoto ya fito, sai ga shi an rubuta cewa malaman gona ne ba su sa ido ba, da sunana a sama. Aka mayar da ni ofis ina jera fayil. Ba mayarwar ce ta fi yi mini ciwo ba. Ni ne na shiga ƙauyukan nan na ce su yarda, kuma da bashi wasu suka sayi takin.

Sauran darussan gajeru ne. A raba yuriya kashi biyu, a sa ta ƙasa na da danshi. In za a auna ƙasar da ba a huɗawa, a ɗebi ta sama daban, domin fotash a can yake taruwa. A shigar da waken suya ko gyaɗa cikin juyin shuka. Duk gargaɗin da za ka yi wa na sama da kai, ka yi shi a rubuce, ka riƙe kwafi.

Nawa kwafin yana hannuna, da kwanan wata. Rahoton nan har yau ba a gyara shi ba, kuma ina so a gyara.