Inda aikin sanyaya tsohuwar Hiace ɗina ya kwana

Jama'a barkanmu da war haka. Masu tambayar ina aka kwana kan bas ɗin nan da nake mayarwa ɗakin kwana na tafiya, toh gado da kabad sun kammala, yanzu AC ne ya sha mini kai.

Abin da nake so duk mai shirin irin wannan aiki ya fara ganewa shi ne AC biyu ake magana a kai, na tafiya daban na kwana daban. Wanda ya zo da motar bel ne ke juya kwamfiresansa, wato famfon da ke matsa gas ɗin sanyi, da ka kashe inji shi ma ya mutu, kuma ba mai hankalin da zai bar inji na aiki har asuba yana barci a ciki, ga asarar mai ga hayaƙin salansa da ke kisa ba ka ji ba ka gani ba.

Na tafiyar dai ya tashi alhamdulillahi. Motar ta farkon shekarun 1990 ce, da gas ɗin R12 ta fito, wanda aka daina yi saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987, yanzu R134a ake samu a kasuwa. Kar ku yarda wani ya ɗura muku sabon gas a kan tsohon man kwamfiresa, ba sa jituwa. Mai gyaran da na samu ya wanke layin tas, ya canja draya (matatar da ke tsotse danshi a layin gas) da robobin bakin tiyo, ya zuba man ester, ya jona injin zuƙe iska ya bar allurar geji ta tsaya cak na wani lokaci don a ga ko akwai yoyo, sannan ya sa gas. In mutum ya ce muku duk wannan ɓata lokaci ne ku ja motarku ku tafi. Ku kuma karanta jikin gwangwanin gas ɗin da idonku, don akwai masu ɗura R600a na firji, shi kuwa yana kama wuta.

Duk da haka a go-slow sanyin guduwa yake yi. Mai gyaran ya ce in zauna ciki in sa hannu a bakin iskar, ya ɗauko buta ya watsa wa kwandensa ruwa, wato lagireton AC da ke fitar da zafin gas, wallahi kafin ya ajiye butar iskar ta yi sanyi ƙarara. Ma'ana gas lafiya lau, kwandensar ce ba ta samun iska, ƙurar hunturu ta toshe ta. Muka wanke, muka ƙara fankar lantarki a gabanta, magana ta ƙare.

Sai kuma zafin da ke shigowa, don Hiace injinta ƙarƙashin kujerar gaba yake, ga rufin ƙarfe da rana ke gasawa kamar tanda a watan Afrilu. Na liƙa soso mai fuskar azurfa a murfin inji da rufi kafin in buga silin, tagogi kuma labule mai kauri. Wannan ya fi komai araha a aikin kuma bambancin da na ji ba kaɗan ba ne, ni dai da shi zan ce ku fara kafin ku sayi komai.

AC na kwana ne har yanzu nake lissafi. Ƙananan AC na 12V da ake ɗorawa a rufin tirela suna jan kusan amp 50 in kwamfiresa na aiki, batirin litiyam mai 200Ah kenan awa huɗu in bai huta ba, da dare yana ɗan yankewa sai ya fi haka. Batirin ruwa kuwa rabinsa kawai za ka ci in kana son ya yi ƙarko. Sola mai wat 400 da rufin zai ɗauka, da ƙyar ta mayar da abin da aka sha a dare ɗaya, dole sai an haɗa da caji daga altaneta lokacin tafiya. Wani ya ce in sa kula mai ruwa kawai, wato fankar nan da ake zuba wa ruwa, eh tana yi a bazara da iska ke bushe, amma damina na sauka sai dai gumi da danshi a katifa.

Yanzu kaurin waya da fis nake aunawa, in akwai wanda ya taɓa huda rufin Hiace ya ɗora irin wannan AC ɗin don Allah ya faɗa mini da me ya toshe gefen, ruwan Agusta nake tsoro.