Gilashin goshi na masu harhaɗa ƙananan jirage: yadda na zaɓi nawa

Jirgin yaƙi na Spitfire, daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan, ya ɗan haura mita 11. In aka rage shi zuwa ma'aunin 1/72, wato a raba kowane tsawo gida 72 a ɗauki ɗaya, sai ya koma santimita 15 da rabi, ya zauna a kan tafin hannu. Matuƙinsa a tsaye bai wuce santimita 2 da rabi ba, kuma a kan wannan ɗan mutumin ake so ka shafa fentin fuska daban, na hula daban, na ɗamarar kujera daban. Irin waɗannan ƙananan samfura na roba, na kamfanoni kamar Airfix na Ingila da Tamiya na Japan, su nake harhaɗawa tun ina saurayi, ina yankewa, ina gogewa da samfefa, ina mannawa, ina fentawa. Da can ido tsirara nake yi.

Bayan na ba shekara 45 baya sai aikin ya fara yi mini gardama. In na kawo abu kusa da fuska sai ya dushe, in na nisanta shi ya fito sarai amma ya yi ƙanƙanta har ba na iya bambance bakin buroshi da layin da nake bi. Gam ya riƙa malalewa inda ban aike shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gilashin rufin matuƙi: sai gari ya waye, na fito da jirgin tsakar gida, in ga fentin ya haura kan inda ya kamata ya kasance garau.

Asibitin ido na fara zuwa kafin kasuwa, kuma duk wanda ya tambaye ni nan nake fara tura shi. Likitar ta yi mini bayani a taƙaice. Akwai wani ɗan gilashi na halitta a cikin ido, mai laushi ne a ƙuruciya, yana kumbura ya daidaita in za a dubi abu na kusa. Daga wajen shekara 40 zuwa 45 yake fara tauri, ya ci gaba da yi har wajen shekara 60 zuwa 65. "Malam, wannan ba ciwo ba ne, shekaru ne," in ji ta. Amma ta auna hawan jinin ido, ta duba ko akwai yana, don waɗannan biyun gilashin ƙara girma ba ya maganinsu, sai dai ya sa mutum ya yi ta lallaɓawa har abin ya yi nisa. Ta kuma gano cewa idona na hagu yana ɗan karkatar da layi, ta rubuta mini tabarau da zai gyara wannan. Daga nan na san duk abin da zan saya dole ya zama mai hawa kan tabarau, ba mai maye gurbinsa ba.

Shawara ta biyu da ta ba ni ba ta magani ba ce, ta fitila ce. Ta ce 'yar ƙofar da haske ke shiga ta tsakiyar baƙin ido tana ƙara tsukewa da shekaru, hasken da ke isa ciki yana raguwa sosai. Na sa fitilar tebur mai farin haske, mai wuya da ake lanƙwasawa, na kawo ta daf da aikin ta gefen hagu don kada hannuna na dama ya yi inuwa. Wannan kaɗai ya ɗauke mini kaso mai yawa na wahalar. Sauran kuwa sai da gilashi.

Gilashin hannu ba ya cikin lissafi, tunda hannu ɗaya yana riƙe da hantsaki, ɗaya da buroshi. Fitila mai babban gilashi a tsakiya na gwada ta wani abokina. Tana da kyau in aikin a shimfiɗe yake, amma samfurin jirgi juya shi ake yi, a duba ƙasansa, a leƙa cikinsa, kullum sai ka bi gilashin maimakon ya bi ka. Sai na koma ga wanda ake ɗaurawa a kai, mai madauri a goshi da ƙeya, da wani baki da ake saukarwa a kan ido ko a ɗaga shi sama.

A nan ne mutane ke ruɗewa, don mai sayarwa lamba ɗaya yake nuna maka: sau nawa yake ƙara girma. Kowa kuma zuciyarsa ga babbar lamba take. Wani yaro mai gyaran waya a unguwarmu ya ara mini nasa mai ƙara girma sau 3.5. Ya ce, "Baba, wannan ko ƙurar da ke kan allon waya za ka gani." Gaskiya ya faɗa. Na ga komai, har da zanen samfefa a jikin roba. Amma sai da na kawo jirgin santimita 10 daga fuskata kafin ya fito. Kotar buroshina ta fi haka tsawo, sai ta riƙa dukan gilashin. Warin gam ya cika mini hanci, wuƙar yanka tana wasa kusa da kumatuna, wuyana ya sandare don sunkuyo. Ga wani abu kuma: in na kalli kujerar matuƙi ta fito, allon agogonsa da ke gabanta kaɗan ya dushe. Da na motsa kai kaɗan, komai ya ɓace. Shi yaron aikinsa a kan allo mai baje yake yi, yana dubawa ya ɗaga, shi ya sa bai dame shi ba.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce tazarar da ke tsakanin gilashi da aikin, kuma lissafinta ba wuya. Ƙarfin gilashi da dayofta ake auna shi, wato lambar nan ta +1.50 ko +2.00 da ake gani a jikin tabaran karatu. Raba 100 da wannan lambar, abin da ya fito shi ne tazarar a santimita. Dayofta 4, santimita 25. Dayofta 5, santimita 20. Dayofta 10, santimita 10. Duk ƙarfin da ka ƙara, da wurin wasan hannunka ka saye shi, da faɗin abin da kake gani, da zurfinsa.

Wanda ya yi suna a wurin masu wannan aiki da maƙeran zinariya da masu gyaran agogo shi ne OptiVISOR, na kamfanin Donegan Optical da ke jihar Kansas a Amurka. Na ɗauke shi ma'auni ne saboda lambobinsa a bayyane suke. Lamba 3 tana ƙara girma sau 1.75 a tazarar inci 14 (inci ɗaya wajen santimita 2 da rabi ne). Lamba 4, sau 2 a inci 10. Lamba 5, sau 2.5 a inci 8. Lamba 7, sau 2.75 a inci 6. Lamba 10, sau 3.5 a inci 4. Dubi tsakanin lamba 5 da lamba 7: girman da aka ƙara maka ɗan kaɗan ne, amma an ƙwace maka inci 2 cikin 8. Ni a wurina cinikin bai yi riba ba.

Akwai abin da kwali ba ya faɗa maka. Waɗannan tazarori na mutumin da idonsa ke daidai a kan kallon nesa ne. In ka sa gilashin goshi a kan tabaran karatu, ƙarfinsu haɗuwa yake yi. Tabarau mai +2.00 da gilashi mai dayofta 4 sun zama 6, tazarar ta sauko daga santimita 25 zuwa wajen 17. Saboda haka mutum biyu za su sa gilashi iri ɗaya, ɗaya ya yaba, ɗaya ya ce ba ya ganin komai sai ya manna hanci. Dabarar da na yi ita ce na zauna a teburina yadda na saba, bayana a miƙe, hannuwa a inda suke jin daɗin aiki, na sa ɗiyata ta auna da tef daga idona zuwa abin da ke hannuna. Ya kama kusan santimita 30. Sai na nemi gilashin da zai faɗo kusa da nan tare da tabaran da likita ta rubuta mini na nesa. Lamba 3 da lamba 4 suka rage a gabana, na ɗauki 4.

Kafin na kai ga wannan na yi amfani da irin masu arha da suka cika kasuwa da shagunan intanet, masu zuwa da gilasan roba guda biyar da ake canzawa, da 'yar tocila a goshi. Ba zan kushe su gaba ɗaya ba. Ba su da nauyi, kuɗinsu kaɗan ne, kuma su ne hanya mafi sauƙi ta gane ƙarfin da ya dace da kai kafin ka zuba kuɗi a kan mai tsada. Tocilar ma tana rana in an ɗauke wuta kana tsakiyar manna abu. Illarsu biyu na gani. Robar tana saurin kartuwa, musamman da hunturu, in ƙura ta kwanta ka goge ta da gefen riga. Yanzu sai na hure ta ko na wanke da ruwa kafin na sa ƙyalle mai laushi. Ta biyu, lambar da ke jikinsu ba kullum take nufin abin da kake zato ba, don masu ƙerawa ba hanya ɗaya suke lissafi ba. In kana son sanin gaskiya, fita rana da gilashin, tara haskenta a ƙasa har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, ka auna daga gilashin zuwa ɗigon. Wannan ita ce tazararsa. Wannan ɗigon kuwa yana ƙona takarda ya narkar da roba, shi ya sa ba na barin gilashin a bakin taga.

Ciwon kai shi ne gwajin ƙarshe. In abu yana kusa, idanu biyu sai sun karkato ciki kafin su haɗu a kansa, kuma jijiyoyinsu suna gajiya. Gilashi mai kyau ana yanka shi ta yadda zai ɗan lanƙwasa hasken zuwa ciki, ya rage wa idanun wannan aikin. Mara kyau kuwa a shago ba za ka gane shi ba, sai ka zauna da shi na wani lokaci ka ji goshinka yana sara, ko layi ɗaya ya zama biyu. Don haka in da hali, ari na wani ka yi aikin gaske da shi, ba kallon zanen yatsa na minti ɗaya ba. Ka duba madaurin ma. Mai maɓallin murɗawa a ƙeya ya fi mai roba, wanda zufa ke sa shi zamewa. Gilashin gaske ya fi na roba nauyi, wannan gaskiya ne, amma da yake nauyin a kan madauri yake ba a karan hanci ba, ban ji ya dame ni ba.

Na kuma duba irin na likitocin haƙori, masu ƙananan bututu biyu, waɗanda ke ba ka girma sau 2.5 ko fiye kana zaune a miƙe, aikin yana nesa da kai kamar santimita 35 zuwa 45. Ga mai ciwon wuya ko baya, babu kamarsu. Sai dai filin da suke nunawa ƙarami ne, dole a daidaita su da tazarar da ke tsakanin idanunka, masu kyau cikinsu kuma tsada. Ni da nake ɗauke ido daga jirgi zuwa kwalbar fenti zuwa takardar umarni a kai a kai, ban ga zan iya da su ba.

Yadda nake aiki yanzu, yawancin lokaci bakin gilashin a ɗage yake. Yanke sassa daga jikin firam ɗin robar da suke zuwa a manne da shi, goga, haɗa manyan ɓangarori, duk da tabarau da fitila nake yi. Sai an zo kan ɗakin matuƙi, ko layukan rufinsa, ko manna ƙananan tambura, nake sauke shi. In zan tashi kuwa sai na ɗaga, don da shi a ido ko bakin ƙofa ba ka gani daidai, jiri zai ɗebe ka. Ba na kuma ɗaukarsa a matsayin kariya: in zan datse waya ko siririn ƙarfe, ɓarɓashi yana iya shigowa ta ƙasa ko ta gefe.

Akwai wani abu da ban yi tsammani ba. Gilashin yana nuna aibin da babu mai ganinsa. Za ka iya ɓata dare kana gyaran wani ɗan tabo da ya cika maka ido, alhali jirgin a kan kanta zai zauna, ana kallonsa daga nesa. Sai na kafa wa kaina ƙa'ida: in na gama wuri, in ɗaga gilashin, in miƙa hannu da jirgin in duba. In ya yi kyau a haka, an wuce wurin.

Jiragen ruwa na ma'aunin 1/700 wani lissafi ne daban. A can shingen da ke gefen jirgi mai tsayin mita 1 bai kai milimita 1 da rabi ba, kuma da siririn ƙarfe ake yinsa, a lanƙwasa da hantsaki. Lamba 4 ba ta isar mini a nan, sai na ƙara farantin gilashi mai lamba 5 na ajiye don irin wannan aikin kawai. Wannan ne ma dalilin da ya sa na zaɓi mai farantin da ake cirewa a sauya: likita ta ce ƙarfin da nake buƙata zai ci gaba da hawa har wajen shekara 60 da ɗoriya, kuma in lokacin ya zo farantin kawai zan saya, madaurin yana nan.