Mako na bakwai: kunne, hanci da akawal

'Yan uwa masu koyo, ga inda na kwana a zanen doki. Wannan makon na ajiye hotunan waya, na ɗauki littafin zane da fensir biyu, HB mai matsakaicin baƙi da 4B mai baƙi sosai, na tafi bargar wani maƙwabcinmu mai dawaki uku. Daga la'asar har kiran magariba ina zaune kusa da turke.

Da can ido nake wa wahala, ina zaton nan ran doki yake. Ashe kunne ne. Wani kili, wato farin doki, yana cin harawa, kunnensa ɗaya na kallon yaron barga, ɗayan ya juyo wajena. Da aka taɓa sirdi, duka biyun suka miƙe, hancin ya buɗe. Da aka matso da linzami kuwa, sai ya kwantar da su baya. Layi biyu kacal na sauya a takarda, doki mai natsuwa ya koma mai fushi. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Akawal, wato baƙin doki, shi ne ya ba ni wuya. Na danna 4B ko'ina don in nuna baƙinsa, ya fito kamar buhun gawayi. A zane na biyu na bar farin takarda a kafaɗa da kuturi, inda rana ke sheƙi, na goge kaɗan da magogin fensir a kan wuya. Nan take tsoka ta bayyana. Ku riƙa sa 'yar takarda ƙarƙashin hannu, don gefen tafina ya dame mini gezar gaba ɗaya.

Ƙafafu har yanzu da saura. A sukuwa na saba miƙe su gaba da baya, alhali hotunan da mai ɗaukar hoto Muybridge ya ɗauka a Amurka a 1878 sun nuna cewa lokacin da kofato huɗu suka bar ƙasa, ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki. Na gyara zane biyar saboda wannan.

Burina jahi, lokacin da mahaya ke zabura gaban Sarki a Hawan Daushe su ja linzami a tsaye cak. Amma lifidi da kwalliya suna rufe jiki, don haka zan ƙara wata guda a barga, doki tsirara, kai da wuya kawai, zane ashirin kowace rana.