Tashin zuciya a asibitin Makka

Jiya bayan la'asar na raka maƙwabcina wani asibiti a nan Makka, sai na tarar da wata dattijuwa 'yar Katsina da ta zo Umara, tana riƙe da ledar magungunan ciwon suga. Nas ɗin 'yar Filifin ce, Turanci take yi. Likitan kuwa Larabci. Hajiya ba ta jin ko ɗaya.

Wani yaro da aka jawo ya yi tafinta, da ta ce zuciyarta ke tashi, sai ya ce wa likita "ƙalb", wato zuciya da Larabci. Nan take aka fara shirin gwajin zuciya. Na matsa na ce, "Inna, amai kike ji?" Ta kama hannuna gam, ta ce, "Shi ne, ɗan nan, tun jiya ban iya cin komai ba."

Abin ya tsaya min a rai. A Amurka, an daɗe ana fassara dokar 'yancin jama'a ta 1964 da cewa ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya samar da tafinta. Mu nan ga Hausawa jingim a Makka da Jidda, haifaffun gari, masu jin harsunan biyu kamar ruwa. Me zai hana a horar da su, a ɗauke su aikin?

Hajiya dai an ƙara mata ruwa, ta koma masauki kafin isha'i.