Ranar da 1/8 ta daina fin 1/4 girma

Shekara da shekaru ina koyar da lissafi a aji huɗu na firamare, kuma duk shekara a wuri ɗaya nake cijewa. Idan na rubuta 1/4 da 1/8 a allo na tambayi wacce ta fi girma, ajin ya ɗauka baki ɗaya: "Malam, ta takwas!" Ba laifinsu ba ne, tun aji ɗaya muka koya musu takwas ta fi huɗu.

Na gwada zane da alli, da'irar ta karkace. Na kawo gurasa na yanka, sai gardama ta koma kan wanda yankinsa ya fi kauri.

Wani abokin aiki ne ya nuna mini PhET, manhajar kyauta ta Jami'ar Colorado da ke Amurka, wadda Carl Wieman ya assasa a 2002, shekara guda bayan ya samu kyautar Nobel. A ciki akwai da'ira da yaro zai raba yadda ya so: ya ƙara lambar ƙasa, yankuna su ƙaru nan take, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Na sauke ta a kwamfutata sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara neman intanet ba, abin da ya fi mini komai a makarantar da ko wuta sai an yi sa'a.

Makon farko na yi kuskure. Ni ke dannawa, su suna kallo kamar talabijin. Sun ji daɗi sosai, amma da na ba su aiki a littafi, jiya i yau.

Sai na sauya. Suna zuwa biyar-biyar, kuma ba mai taɓa kwamfuta sai ya fara faɗin abin da yake zaton zai faru. Wata yarinya mai shiru-shiru ta ce yankin zai girma idan ta kai takwas. Ta danna, biyar, shida, bakwai, tana kallo yana ƙanƙancewa. Ta tsaya, ta dawo huɗu, ta sake hawa. Can ta ce, "Malam, ashe masu cin ne suka yi yawa."

Na ba ta alli na ce ta je allo ta nuna wa sauran. Da'irarta ma ta karkace, amma ta raba ta takwas, ta rubuta 1/8 a ƙarƙashi da hannunta.