Feshin hanci a lokacin hunturu: me ya sa mutane ke ajiye mai magani su koma wa mai cutarwa

A kantin maganin da nake aiki a Tudun Wada, da zarar hazo ya sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu, masu atishawa da ƙaiƙayin hanci da yoyon majina ne ke cika mana wuri, musamman masu Keke Napep da 'yan kasuwar da ke yini cikin ƙura. Abin da har yanzu ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda likita zai rubuta wa mutum Flixonase ko Nasonex, ya biya kuɗi mai tsoka, bayan kwana uku ya dawo yana cewa, "Malam, ba ni Otrivin kawai, wancan ba ya aiki."

Yana aiki. Sannu yake yi. Flixonase da Nasonex feshi ne masu sinadarin sitiroyid, kumburin cikin hanci suke kwantarwa, sai an yi 'yan kwanaki ake jin sauƙi, cikakken amfaninsu kan kai mako biyu. Otrivin kuwa jijiyoyin jini yake tsukewa, cikin mintuna hanci ya buɗe. Dole mai toshewar hanci ya so shi. Amma in aka zarce mako guda ana fesawa, hancin yakan ƙara toshewa da zarar ƙarfinsa ya sake, mutum ya ƙara fesawa, har ya kasa barci sai da kwalba ƙarƙashin matashi. Raba mutum da shi ya fi murar farko wahala, kuma Otrivin ba ya maganin atishawa ko ƙaiƙayi.

Da na riƙa tambayar masu dawowa dalili, sai na tarar ba jinkiri kaɗai ba ne. Wata Hajiya ta ce yana gangara mata maƙogwaro da ɗaci. Na ce, "Hajiya, nuna mini yadda kike yi." Ta ɗaga kai sama, ta fesa, ta zuƙe da ƙarfi kamar mai shaƙar taba gari. Maganin duk ciki yake tafiya, hanci bai samu komai ba.

Ga yadda ake yi: a fyace hanci, a girgiza kwalba, in sabuwa ce a fesa a iska har feshin ya fito lallausa. A sunkuyar da kai kaɗan. Hannun dama ya fesa wa ƙofar hagu, na hagu ya fesa wa ta dama, bakin kwalbar yana kallon wajen kunne, ba guringuntsin tsakiya ba. Masu nufar tsakiya su ne ke kukan haɓo, balle da bushewar hunturu. A shaƙa a hankali. Feshin ruwan gishiri kafin nan yana wanke ƙura, ya rage raɗaɗi. In bakin kwalbar ya toshe a wanke da ruwan ɗumi. Tsokale shi da allura yana lalata shi.

Ƙamshi ma na korar mutane. Flixonase na da ƙamshi irin na fure da wasu ba sa jurewa. Avamys, shi ma mai sitiroyid, ba shi da shi, feshinsa lallausa ne, bai cika gangarowa ba, sai dai tsada. Azelastin, wani feshin da ba na sitiroyid ba, yana saurin aiki, amma ɗacinsa sananne ne. Gara a koma wa likita ya canza da a ajiye magani a kan taga.

A masu sitiroyid, babba kan fesa biyu a kowace ƙofa sau ɗaya a rana, don haka kwalba mai feshi 120 wata guda ce cif. In ta kai wata uku ba ta ƙare ba, an yi ta tsallake ne. Masu azumi su mayar da shi bayan buɗa baki. Wanda ya san hazo na kayar da shi duk shekara, ya fara fesa mai sitiroyid tun ƙarshen Oktoba, kafin hancin ya kumbura har ya fara neman Otrivin.